Sharhi: Allurar 'Yan Mata Ta Iso, Saura Gwajin Iyaye Mata a Samaru da Sabon Gari

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2024 ne Jihar Kaduna ta shiga sahun jihohi 21 da aka ƙaddamar da zagaye na biyu na allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a cikinsu, bayan zagayen farko da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar ranar 24 ga watan Oktoba, 2023, a jihohi 15 da Babban Birnin Tarayya Abuja. Allurar kyauta ce, sau ɗaya ake yin ta, kuma 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka nufa da ita. Ma'aikatan lafiya sun shiga makarantun boko da na Islamiyya, an yi shela a gidajen rediyo, hakimai da dagatai da masu unguwanni sun ba da haɗin kai kamar yadda suka saba bayarwa a lokutan rigakafi. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, allurar nan ta 'ya ce, ba ta uwa ba. Yarinyar da aka yi wa allura a 2024 tana da shekara 10, sai nan da shekaru 25 ko 30 za ta kai shekarun da wannan ciwo ya fi kama mata, wato a lokacin ne ƙasa za ta ga cikakken amfanin abin da aka yi. Kafin wannan lokaci fa? Uwar yarinyar, wadda ke zaune a rumfa a kasuwar Sabon Gari ko take tuyar ƙosai a bakin titin Samaru, ta wuce shekarun allura. Abin da zai cece ta shi ne gwaji, kuma gwajin ne har yanzu bai sami irin shelar da allura ta samu ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu sanadiyyarta. Idan aka raba wannan adadi a kan kwanakin shekara, za a ga kullum rana ta Allah ana rasa mata sama da 20. A duniya baki ɗaya, a 2022 an sami sababbin masu ciwon kimanin 660,000 da mace-mace kimanin 350,000, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka rasu 'yan ƙasashe masu tasowa ne irin tamu. Bayan sankarar mama, babu wata sankara da ke addabar matan ƙasar nan kamarta.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ciwon yake somawa, domin a nan ne hujjar gwaji take. Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke buɗewa jariri ya fito a lokacin haihuwa. Kusan dukkan sankarar da ke kama wannan wuri wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV take haddasa ta, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya tabbatar da wannan alaƙa, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar tana da nau'o'i masu yawa, amma biyu daga ciki, na 16 da na 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na ciwon. Yawancin mutanen da suka taɓa aure, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, kuma a mafi yawan lokuta jiki da kansa yake kawar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu. A wajen wasu mata ƙalilan ne take maƙalewa, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, babu zafi, babu jini, babu wata alama. Daga wannan sauyi zuwa sankara sosai akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga macen da garkuwar jikinta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tazarar takan ragu zuwa shekara 5 ko 10, kuma haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata har sau shida.

Ashe ke nan ciwon yakan ba da wa'adi mai tsawo, irin wanda sauran cututtukan daji ba su cika bayarwa ba. Duk macen da aka duba a cikin waɗannan shekaru, aka ga sauyin tun bai zama sankara ba, ana iya kashe shi nan take a ƙaramin asibiti.

Hanyoyin gwajin uku ne. Akwai tsohuwar hanya da ta samo suna daga likitan nan George Papanicolaou, wadda ta yaɗu a Amurka da Turai tun daga shekarun 1940, inda ake lakato ɗan abu daga bakin mahaifa a kai ɗakin bincike. Akwai ta zamani, wadda ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta, kuma ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi amfani da ita, mace ta fara daga shekara 30 ta riƙa maimaitawa bayan shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa ta fara daga shekara 25. Sai kuma hanyar da ta fi dacewa da ƙarfin asibitocin karkara: ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan tsami irin wanda ake kira binega a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. Idan akwai wurin da ya fara lalacewa, sai ya yi fari. Kada a raina wannan hanya saboda arharta. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya an gwada ta a kan mata kimanin 150,000 na tsawon shekaru, mata 'yan unguwa da aka horar su ne suka yi aikin, kuma sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 31 cikin ɗari. Idan aka ga farin tabo, akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir da ake ɗora kanta mai zafi a wurin na ƙasa da minti ɗaya, ba tare da an sa mace barci ba, ta tashi ta koma gida a ranar. Ba ya hana haihuwa. Jihar Kaduna na ɗaya daga cikin jihohi uku, tare da Legas da Ribas, da aka horar da ma'aikatan asibitocin gwamnati a kan wannan aiki a ƙarƙashin wani shiri da ƙungiyoyin Unitaid da CHAI suka tallafa wa a farkon shekarun 2020.

To, in haka ne, me ya sa mata ke ci gaba da isa asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu? Wannan tambaya ta fi nauyi a ƙasar Zazzau fiye da wurare da yawa, domin mutanen Samaru da Sabon Gari ba za su ce asibiti ya yi musu nisa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana nan tafiyar 'yan mintoci daga Samaru a kan hanyar Funtuwa, yana da sashen kula da masu sankara da ake turo marasa lafiya zuwa gare shi daga jihohi da dama na Arewa. Akwai asibitin tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi a Sabon Gari, akwai na Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga kuma ƙananan asibitoci a mazaɓu. Duk da haka, likitocin mata na Shika sun daɗe suna rubutawa cewa sankarar bakin mahaifa ce ta fi kowace yawa a cikin cututtukan daji na al'aurar mata da suke gani, kuma mafi yawan masu ita sukan zo ne bayan ta yi nisa.

Wani bincike da malaman jami'ar suka wallafa a 2013 ya ba da haske a kan lamarin. Sun tattauna da matan kasuwa 260 a Zariya. Kimanin kashi 80 cikin ɗari sun nuna amincewa da gwajin, amma kashi 15 kacal ne suka taɓa yin sa. Binciken ya kwana biyu, kuma matan kasuwa ba su ne dukkan mata ba, amma tazarar da ke tsakanin 80 da 15 abar dubawa ce. Tana nuna cewa mata ba ƙin gwajin suke yi ba. Babu dai wanda ya kira su, ya faɗa musu rana da wuri da kuma wadda za ta duba su.

A nan ne ya dace a waiwayi abin da ke faruwa ga 'yan'uwanmu mata da ke zaune a ƙasashen waje, domin darasin iri ɗaya ne. A Ingila tun 1988 hukumar lafiya ke aika wa mata takardar gayyata zuwa gwaji, daga mai shekara 25 zuwa 64 a tsarin yanzu, kuma ba a biyan ko sisi. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa zuwa a kan lokaci, kuma bincike ya sha nuna cewa baƙi, ciki har da matan Afirka, suna cikin waɗanda aka fi bari a baya. A Amurka, inda na'urori suka wadata, mata baƙar fata sun fi farare mutuwa da wannan ciwo. Dalilan da matan Afirka mazauna can ke bayarwa ba baƙi ba ne a kunnen Bazazzagi: takardar da aka aiko da harshen da ba ta iya karantawa, kunyar tuɓewa a gaban namiji, tsoron abin da za a gano, aikin da in ta bari na yini ɗaya babu abinci, da kuma tunanin cewa mai lafiya ba ta da abin yi a asibiti. Abin da ya yi tasiri a can shi ne tura mata 'yan'uwansu masu jin harshensu su bi su gida-gida da wuraren ibada. A jihar Minnesota, inda 'yan Somaliya ke da yawa, har limamai aka shigar cikin aikin faɗakarwa. Ƙasar Ostireliya kuwa tun 2022 ta ba kowace mace zaɓin ta ɗauki samfurin gwajin da hannunta, a keɓe, ta miƙa wa ma'aikaciya, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita.

Sabon Gari da Samaru garuruwan baƙi ne tun asali. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, aka zaunar da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da ma wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ita kanta Hajiya Gambo Sawaba, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, 'yar Sabon Gari ce, mahaifinta mutumin Gana, mahaifiyarta Banufiya. Samaru kuwa tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 da jami'ar da aka buɗe a 1962 su suka tara mata jama'a daga ko'ina. A yau a layi ɗaya za ka sami Bayarabiya mai sayar da atamfa, da 'yar ƙabilar Ibo mai shagon magani, da matar leburan da ya zo daga Kudancin Kaduna ko Binuwai, da Bafulatana mai tallar nono da ke shigowa daga ruga da safe ta koma da yamma, da matan 'yan ci-rani daga Jamhuriyar Nijar, da kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suka raɓa a gidajen 'yan'uwa. Shelar da aka yi da Hausa a masallacin Juma'a ba za ta kai ga ta farko da ta biyu ba. Takardar Turanci da aka manna a bangon asibiti ba za ta kai ga sauran ba. Da yawa daga cikinsu ba sa cikin lissafin mai unguwa, ba su da katin asibiti, kuma macen da ta daina haihuwa ba ta da wani dalilin da zai sake kai ta awo, alhali kuwa shekarunta ne ciwon ya fi so.

Akwai kuma matsalolin da suka shafi 'yan gida da baƙi baki ɗaya. Ta farko ita ce fassarar da ake yi wa alamomin ciwon. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ciwon mara da na baya da ba ya sauka: duk waɗannan a wurinmu sunansu ɗaya, wai sanyi. Sai a shiga jiƙe-jiƙe da tsuguno a ruwan magani da allurar kemis, wata shida, shekara guda. Wata kuma takan ɗauki jinin a matsayin mas'alar ibada kawai, ta aika a tambayar mata malam ko jinin istihala ne, ta yi salla ko kada ta yi. Malam zai ba da amsa daidai da abin da ke cikin littafi, kuma ya yi aikinsa. Amma da malaman da ke karantar da babin haila a Ahalari da Risala, musamman malamai mata na makarantun matan aure, za su ƙara jimla ɗaya a kan amsar, cewa jinin da ya saɓa wa al'ada a je asibiti a duba shi, da an ceci rayuka masu yawa ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba. A lura kuma, wadda ta riga ta ga waɗannan alamomi ba jiran ranar gwaji za ta yi ba, likita za ta gani a wannan makon.

Ta biyu ita ce zargi. Da zarar an ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai wasu mazan su ɗaure fuska, mace kuma ta gwammace ta yi shiru da a yi mata kallon mazinaciya. Wajibi ne masu faɗakarwa su fito fili su bayyana cewa macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, domin namiji yakan ɗauki ƙwayar ba tare da wata alama ba, tana iya kasancewa tun daga wani aure da ya gabata nasa ko nata, shekaru 20 baya. Auren wuri da yawan haihuwa suna ƙara haɗarin, kuma waɗannan abubuwa ne da suka shafi matan kirki na kowane gida. Haka nan maigida na da buƙatar a yi masa bayani tun kafin matarsa ta tafi, ba don izini da kuɗin mota kaɗai ba. Macen da aka yi wa aikin na'urar nan ana buƙatar ta ƙaurace wa shimfiɗa na kimanin mako huɗu har wurin ya warke, kuma idan miji bai ji wannan daga bakin ma'aikacin lafiya ba, rigima ce za ta tashi a gida.

Ta uku ita ce rashin yarda da duk abin da aka ce kyauta ne. Jama'ar Arewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya san yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a wasu jihohi a 2003, abin da ya jawo cutar ta sake bazuwa. Baƙaƙen fatar Amurka ma suna da nasu tabon: Henrietta Lacks, wadda wannan ciwo na bakin mahaifa ya kashe a 1951, an ɗebi ƙwayoyin jikinta aka yi ta bincike da su shekara da shekaru ba da saninta ko na iyalinta ba. Jami'in da ya tsaya gaban jama'a ya ce tsoronsu jahilci ne ya riga ya rasa su. Abin da ya warware rikicin shan-inna shi ne shigowar sarakuna da malamai, da kuma ganin shugabanni sun fara da 'ya'yansu. Matar shugaban ƙaramar hukuma da matar hakimi da shugabar matan kasuwa su fara shiga ɗakin gwaji, sauran za su biyo.

A ranar 17 ga Nuwamba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo, tare da buri uku da ake son cimmawa kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allura kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a kuma maimaita a 45, sannan kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala su sami magani. Nijeriya ta sa hannu. Buri na farko ana iya cim masa da gangamin mako guda, amma na biyu aikin kowace rana ne, kuma a matakin mazaɓa ake yin sa. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, an kuma tsara kowace ta sami cibiyar lafiya matakin farko guda da za ta zama abin dogaro. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari na da 11 daga ciki, irin su Samaru da Basawa da Bomo da Jama'a da Hanwa da Dogarawa da Muciya da Cikaji. Tambayar da ta kamata kansila da kwamitin raya mazaɓa su yi wa shugaban cibiyarsu mai sauƙi ce: akwai ma'aikaciya mace da aka horar a kan gwajin? Kayan aikin suna nan? Wace rana ake yi? Idan aka ga matsala, nan za a yi magani ko ina ake turawa, kuma wa ke bin sawu ya tabbatar matar ta je? Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi sakaci da ita. Gangamin da aka tara mata 300 aka gwada su, aka ɗauki hoto, aka watse, ba tare da an san makomar goma ko ashirin da aka ga tabo a jikinsu ba, bai ƙara wa kowa komai ba sai fargaba.

Sauran aikin ba ya buƙatar kasafi mai yawa. A ware rana ɗaya a mako wadda ba ta ci karo da cikar kasuwa ba. A sa labule da ƙofa mai rufuwa. Uwar da ta kawo jariri rigakafi, da kakar da ta rako ta, a tambaye su shekarunsu a gaya musu akwai gwaji. A nemi shugabannin ƙungiyoyin ƙabilu na Sabon Gari, da zumuntar mata ta coci-coci, da FOMWAN, da ungozomomi, da arɗo-arɗon rugagen da ke kewaye, kowa ya isar da saƙon da harshen mutanensa. Ga wadda ciwon ya riga ya kama kuwa, asibitin Shika na cikin asibitoci shida da Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatar da asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a cikinsu a 2021, don haka iyalai su tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake rajista kafin su sayar da gona.